Tsohuwa ta ce "starved", ashe sanyi take ji: daga ina kalmar nan ta fito?

Hauwa_Bradford
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga malamanmu na Turanci. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a nan Bradford, arewacin Ingila. Jiya da daddare, wajen ƙarfe biyu, wata tsohuwa mai shekara 91 ta danna ƙararrawa. Da na je sai ta riƙe hannuna ta ce "I'm starved, love". Hankalina ya tashi, don ni da kaina na ba ta abincin dare kuma ta ci. Na dai je na haɗo mata shayi da biskit. Ta kalli farantin ta girgiza kai, ta nuna mini ƙafafunta. Ina taɓawa na ji su kamar ƙanƙara. Ashe bargo take so. Abokiyar aikina, haifaffiyar garin ce, ta ce tsofaffinsu haka suke faɗa idan sanyi ya ratsa su. To mu tun firamare yunwa aka koya mana a kan kalmar nan. Ruɗewar tsufa ce, ko kuwa kalmar tana da wata ma'ana da ba mu sani ba? Abin ya tsaya mini a rai, don na bar baiwar Allah cikin sanyi kusan minti goma ina dafa shayi.

AbbaKT
Wa alaikumus salam. Anti Hauwa, ina jin tsufa ne kawai. Ƙamus ɗina yunwa ya ce, bai ce sanyi ba.

Malam_Nahawu
Abba, ƙamus ɗinka ƙarami ne, tsohuwar nan ba ta ruɗe ba. Hajiya Hauwa, abin da kika ji a bakinta ya girmi Turancin da aka koya mana a makaranta.

A Ingilishin da ake yi kafin Nomawa, wato mutanen Normandy ta arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, aikatau ɗin "steorfan" ne, kuma ma'anarsa mutuwa. Mutuwa kawai, kowace iri ce: ta takobi, ta ciwo, ta tsufa. Babu ruwansa da yunwa. Bayan 1066 ya koma "sterven", ma'anar ba ta motsa ba. Idan mutum yana son ya ce yunwa ce ta yi kisan, dole ya ƙara kalmar yunwa a gaba. Idan sanyi ne, ya ƙara sanyi.

Akwai shaidar da nake ƙauna ƙwarai. Wasu malaman coci a garin Peterborough suna rubuta tarihin shekara-shekara, kuma su ne suka ci gaba da rubuta shi da Ingilishi har 1154, bayan sauran wurare sun daina. A ƙarƙashin shekarar 1137 marubucin ya ba da labarin zamanin Sarki Stephen, wanda ya hau mulki a 1135 ya yi shekara 19 yana rigimar sarauta da Matilda, 'yar kawunsa. Ya ce manyan ƙasa sun gina ganuwoyi sun cika su da mugaye, suna kama talakawa suna azabtar da su don ƙwace dukiya. Hatsi ya yi tsada, nama da cuku da man shanu ma haka. Sai ya ce "wrecce men sturuen of hungær", wato talakawa bayin Allah sun mutu da yunwa. Ku lura da "of hungær" ɗin nan. Da a ce aikatau ɗin shi kaɗai yana ɗauke da yunwa, da bai buƙaci ya ambace ta ba.

Daga baya ma'anar ta tsuke. A kudancin Ingila, inda Landan take, ta maƙale wa yunwa, kuma Turancin Landan ne ya shiga littattafai ya zo mana. A arewa, su Yorkshire da Lancashire, ta maƙale wa sanyi ma. Tsohuwar taki tana Yorkshire, gadon gidansu ta yi miki magana da shi.

Bashir_Hamburg
Allah ya gafarta Malam, wannan bayani ya buɗe mini ido. Shekarata 11 a Jamus, kullum ina jin "sterben", kuma mutuwa ce tsantsa, ban taɓa haɗa ta da "starve" ba. Shuɗaɗɗen lokacinta "starb", sai kuma "gestorben". Maƙwabtanmu 'yan Holan su ma "sterven" suke cewa. Idan Bajamushe zai ce yunwa ta kashe mutum, kalma daban gare shi, "verhungern". Ta sanyi kuma "erfrieren". Har annobar nan da ta share Turai wajen 1348 suna kiranta "das große Sterben", babbar mutuwa.

Malam_Nahawu
Madalla Malam Bashir. Ka ga "starb" da "gestorben" ɗin naku? Ingilishin tsakiyar zamani "starf" da "storven" yake cewa. Kamar Hassan da Hussaini. Wasalin tsakiya ne yake sauyawa, irin yadda "sing" ke komawa "sang". Wannan "starved" mai wutsiya daga baya aka yi ta. Haka ya faru da "carve", da can "carf" ce da "corven".

Zee_Adabi
Wayyo, da na sami zauren nan lokacin da muke aji uku a jami'a! An ba mu Chaucer, wanda ya rasu a 1400, kuma a ƙarshen doguwar waƙarsa ta Troilus akwai baitin da yake magana a kan Yesu ya ce "first starf, and roos, and sit in hevene above". A jarrabawa na fassara shi da cewa ya ji yunwa sannan ya tashi, ina zaton azumin kwana arba'in ake nufi. Malamin ya ja jan layi ya rubuta "died" a gefe, bai yi mini bayani ba, ni kuma na ji nauyin tambaya. Sai yau na fahimta.

Abu_Huzaifa
A dai yi hattara. Mu a aƙidarmu Annabi Isa, alaihis salam, ba a kashe shi ba kuma ba a gicciye shi ba.

Ladi_Pankshin
Ɗan'uwa Abu Huzaifa, ni Kirista ce kuma ina girmama abin da ka faɗa. Amma 'yar'uwa Zee ba wa'azi ta yi ba. Abin da mawaƙin ya rubuta ta kawo, shi kuwa Kirista ne, abin da ya yi imani da shi ya faɗa. Shaidar da muke nema ita ce mutum ba zai ɗauki kalma mai wulaƙanci ya ɗora wa wanda yake bauta wa ba. Ke nan a zamaninsa kalmar tana da mutunci, ana iya faɗinta a kan mutuwar da aka fi girmamawa.

Mai_Kula_Da_Zaure
Na gode muku duka biyu da ladabi. Mu tsaya a kan harshe don Allah.

Dan_Zazzau83
Ni ga tawa fahimtar. Daga 1315 zuwa 1317 an yi wata muguwar yunwa a arewacin Turai. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, hatsi ya ruɓe a gona, jama'a suka yi ta mutuwa, Ingila na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Idan shekara uku duk gawar da aka fitar yunwa ce ta kashe ta, ai dole kalmar mutuwa ta koma ta yunwa a bakin mutane. Ina ganin nan ne asalin abin.

Baba_Tsohon_Hedimasta
Ɗana na Zazzau, tunaninka yana da kyau amma lissafin bai fita ba. Yarinyar nan Zee ta gaya mana Chaucer yana amfani da kalmar a kan mutuwa zalla, kuma ya rubuta waƙar ne a shekarun 1380, kusan shekara saba'in bayan yunwar da ka ambata. Da yunwar ce ta juya kalmar, da bai yi haka ba. Na biyu, yunwar nan ta ci Jamus da Holan kamar yadda ta ci Ingila, ga Bashir ya ce tasu kalmar ba ta gusa ba. Na uku, mu ma nan mun ga yunwa. Kakata ta ba ni labarin Kakalaba ta 1914, ni kuma da idona na ga farin 1973. Yunwar ce muka raɗa wa suna, amma "mutu" tana nan inda take. Wahala ita kaɗai ba ta juya kalma.

Dan_Zazzau83
Na karɓi gyara a kan shekarun, Baba. Amma har yanzu ban yarda babu hannun yunwa a ciki ba. Me ya sa ba ta koma mutuwar takobi ba, alhali su ma yaƙi suke yi ba dare ba rana?

Malam_Nahawu
Tambayar Ɗan Zazzau tana da nauyi, kada a yar da ita. Abin da ya bambanta Ingila da Jamus shi ne baƙuwa ta shigo gida. A 865 wata babbar runduna ta mutanen Denmark da maƙwabtansu, waɗanda ake kira Viking, ta sauka a Ingila. A 866 suka kama York, suka zauna a arewa da gabas, suka yi noma, suka yi auratayya. Harshensu ɗan'uwan Ingilishi ne, ana ɗan gane juna, don haka aron ya shiga har ƙashi. "They" da "them" nasu ne, haka "egg" da "sky" da "take". A cikin kayan da suka zo da shi akwai "deyja", wadda ta zama "die". Ba ta fara bayyana sosai a rubuce ba sai ƙarni na 12. Akwai masanan da ke ganin Ingilishi yana da irinta tun asali, rubutu ne bai kama ta ba, amma mafi yawa a kan aro suka tsaya.

Abin da ya ba ta sa'a shi ne ta tarar da danginta a gida. Ingilishi yana da "dead" da "death" tun fil azal, aikatau ɗinsu ne babu a rubuce. Da "die" ta zo sai ta shige tsakaninsu daidai wa daida. Ita kuwa "sterven" aka yi ta matsa mata, har ta rage sai a wuraren da aka saba jin ta tare da wata kalma, mutu da yunwa, mutu da sanyi. Da tafiya ta yi tafiya aka daina faɗin yunwar, kalmar ta haɗiye ta. Wajen ƙarni na 16 aka kai ga haka, kuma a lokacin ne aka fara amfani da ita a kan hana wani abinci har ya mutu.

To me ya sa yunwa da sanyi, ba takobi ba? A nawa ganin, kuma ra'ayi ne, saboda su biyun a hankali suke kisa. Mutum yana iya kwana da kwanaki yana cewa ina mutuwa da yunwa, bai mutu ba. Wanda aka sare ba ya samun wannan lokacin. Daga ina mutuwa da yunwa zuwa ina jin yunwa taki ɗaya ne.

Ummu_Khalil
Kamar dai yarana idan sun dawo daga islamiyya, "Umma yunwa za ta kashe mu". Kuma lokacin hunturu mukan ce sanyi zai kashe ni.

AbbaKT
To na janye maganata ta farko, Anti Hauwa ki yi haƙuri. Amma ina da wata. Ko tana da alaƙa da "star"? Na karanta cewa mutanen wancan zamanin sun yarda taurari ne ke ƙaddara ajali.

Malam_Nahawu
Abba, kama da wane ba wane ba ne. Tauraro "steorra" ne a tsohon harshen, tushensa daban. Abin da ya sa suka yi kama yau shi ne sauyin furuci ɗaya ya bi ta kansu. A ƙarshen tsakiyar zamani Ingilawa suka riƙa juya "er" zuwa "ar". "Sterre" ta zama "star", "derk" ta zama "dark", "fer" ta zama "far", "sterve" ta zama "starve". Wasu kalmomin furucin ya sauya amma rubutun ya tsaya, shi ya sa Bature ɗan Ingila yake rubuta Derby ya furta Dabi.

Asalin da masana suka fi karkata a kai shi ne wata tsohuwar saiwa mai nufin sandarewa, ƙamewa. Wato tun farko kalmar sakaya zance ce. Maimakon a ce ya mutu, sai a ce ya sandare.

Dr_Maradi
Malam, wannan ya taɓa fagena. Ni likita ne. Bayan rai ya fita da 'yan sa'o'i gawa takan sandare, duk wanda ya taɓa wankan gawa ya sani. Wanda sanyi ya yi wa yawa shi ma gaɓoɓinsa sukan ƙame tun yana da rai. Don haka idan asalin kalmar sandarewa ce, ma'anar tsohuwar Hajiya Hauwa ta fi ta littafi kusa da tushe. Kuma ku dubi namu harshen: sanƙarau. Daga sanƙarewar wuya muka raɗa wa ciwon suna, ba mu duba abin da ke faruwa a cikin kai ba, abin da ido ya gani muka kama.

Malam_Nahawu
Likita, ka zo da abin da ban yi tsammani ba. A tsohon harshen mutanen Viking ɗin nan akwai "stjarfi", 'yar'uwar kalmarmu, kuma sunan ciwo ne mai sandarar da jiki, irin wanda ke kama mutum bayan ƙusa mai tsatsa ta soke shi haƙora su datse. Hanya ɗaya tunaninsu ya bi da na kakanninmu. Sai dai zan ɗan ja maka birki a kan cewa ma'anar sanyi ta fi kusa da tushe. Tsakanin sandarewar farko da sanyin Yorkshire akwai ɗaruruwan shekaru da kalmar take nufin mutuwa kawai. Zagaye ta yi ta dawo kusa da gida, ba zama ta yi a wurin ba.

Dr_Maradi
Rubutu ne ya nuna haka, Malam. Bakin manoma da makiyaya fa? Waye ya rubuta abin da suke faɗa a shekarar 900? Ni ban cire ran cewa ma'anar ƙamewa ta zauna a ƙauye ba tare da ta shiga takarda ba.

Aliyu_Malmo
Na makara, amma ga gudummawata daga Suwidin. A nan yunwa mai kisa "svälta" ce. Malamar da ta koya mana harshen ta ce da can ita ma mutuwa take nufi. Ko akwai gaskiya a ciki?

Malam_Nahawu
Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ita ce ta fi ba ni mamaki a duk labarin. A tsohon Ingilishi "steorfan" ba ita ce ma aka fi amfani da ita ba. "Sweltan" ta fi ta yawa a rubuce, ita ma mutuwa ce, kuma 'yar'uwarta tana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka yi da harshen Goth, wani tsohon harshe dangin Jamusanci, tun ƙarni na 4. A wajenku ta tsuke ta koma yunwa. A Ingila ta tsuke ta koma zafi, ita ce "swelter" ta yau, wato zafi ya gallabi mutum. Ku duba: kalmomin mutuwa biyu, ɗaya ta tafi yunwa da sanyi, ɗaya ta tafi zafi a wani tsibiri da yunwa a wata ƙasa. Ɗan Zazzau, wannan ya ɗan ƙarfafa maka gwiwa, don sau biyu ke nan mutuwa tana gangarawa wajen yunwa a harsunan arewacin Turai.

Dan_Zazzau83
Na gode Malam. Abin da nake nufi ke nan tun farko, bakina ne bai iya tsara shi ba. Mutanen da hunturunsu ke cinye rumbu duk shekara, yunwa ce fuskar mutuwar da suka fi sani.

Baba_Tsohon_Hedimasta
Wannan na yarda da shi fiye da na shekara uku. Amma Jamus ma tana da hunturu, ɗana.

Ummu_Khalil
Ni abin da ya ja hankalina sakaya zancen ne. Mu ma ba ma cewa mahaifin wani ya mutu a gabansa. Ya rasu, ya cika, ya kwanta dama, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya yi masa rasuwa. "Rasu" ɗin ma daga rasa take. Ko wata rana "mutu" za ta rage sai a kan dabba da mota da aure?

Abu_Huzaifa
Ai "mutu" ma daga Larabci muka aro ta, "mata", "yamutu", "maut".

Ladi_Pankshin
Anya aro ne? A harshenmu na Ngas "mut" muke cewa, maƙwabtanmu Mwaghavul ma kusan haka, kuma kakanninmu a kan duwatsu suke, ba su yi cuɗanya da Larabawa ba.

Malam_Nahawu
Malama Ladi ce da gaskiya. Gado ne, ba aro ba. Hausa da Ngas da Larabci da Ibrananci da harshen Misira ta Fir'auna duk zuriya ɗaya ce mai nisa, kuma wannan kalma tana cikin shaidun da masana suka fi kafa hujja da su. Dubban shekaru tana nan da ma'anarta. Don haka Ummu Khalil, ba kowace kalmar mutuwa ce take gusawa ba. Su Ingilawan ma suna da tasu "rasu" a da, "forðferan", wato ya yi gaba, ita marubutan tarihinsu suka fi sa wa sarakuna da manyan malaman coci. Ta ɓace gaba ɗaya.

Zee_Adabi
Mu dawo kan sanyin Anti Hauwa. Na tuna wani wuri a Shakespeare, a wasansa na Sarki Henry na Shida kashi na biyu, inda wani basarake yake cewa ana ɗumama "starved snake" a ƙirji, idan ya farfaɗo zai yi sara. Macijin da yunwa ta kama ba ɗumi yake buƙata ba. Wanda sanyi ya ƙamar ne. Ke nan a farkon shekarun 1590 ana faɗin haka a dandalin wasa a Landan kanta kuma kowa ya gane.

Malam_Nahawu
Zee, wannan gyara ne gare ni kuma na karɓa. Na yi maganar kamar tun farko aka raba, kudu yunwa, arewa sanyi. Misalinki ya nuna kudu ma tana da sanyin, daga baya ta yar, arewa ta riƙe.

Bashir_Hamburg
To "starvation" fa? Wutsiyar nan ta "ation" ai ta Latin ce, ya aka yi ta hau kalmar gida?

Baba_Tsohon_Hedimasta
Wannan ta jiya-jiya ce. Ana danganta yaɗuwarta da wani ɗan majalisa daga Sikotilan, Henry Dundas, a muhawarar 1775 kan matse mutanen Amurka da suka fara tawaye ta hanyar toshe musu kasuwanci da kamun kifi. Abin ya bi shi har aka riƙa kiransa Starvation Dundas. Masu tsattsauran ra'ayin nahawu na lokacin ba su so haɗin ba, amma ya zauna.

Hauwa_Bradford
Jama'a na gode, Allah ya ƙara ilimi. Yau da yamma na koma aiki na zauna da ita. Na ce mata ranar nan ban gane ta ba, na ba ta haƙuri. Ta ce babu komai, jikokinta ma ba sa ganewa, su ma firij suke nufa idan ta faɗa. Ta ce mahaifiyarta a masaƙar ulu ta yi aiki, takan fita da asuba cikin dusar ƙanƙara, idan ta dawo sai ta tsaya gaban murhu ta ce ta yi "starved" har ƙashi. Na tambaye ta to idan yunwa ce fa, me suke cewa? Ta ce "clemmed". Na sa ta maimaita sau biyu na rubuta a bayan hannuna. Na kuma sa a takardar miƙa aiki cewa idan ta ce "starved" a fara taɓa ƙafafunta, don yawancin masu aikin dare baƙi ne irina.

Dr_Maradi
Kin yi daidai, Hajiya. Tsoho ba ya riƙe ɗumin jiki kamar yaro, a riƙa duba ɗakin nata da dare.

AbbaKT
Malam Nahawu, "clemmed" ɗin nan kuma daga ina?

Bashir_Hamburg
Kafin Malam ya zo: a Jamusanci akwai "klemmen", matsewa, kamar ƙofa ta datse maka yatsa. Ban sani ba ko cikin ne yake matsewa.